Bugun zuciyata yana tsallake, kuma kullum a gajiye nake: batirin zuciya zai taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne mai shekara 56, kuma na daɗe ina fama da gajiyar da barci ba ya raba ni da ita, kafin azahar jikina ya gama mutuwa. Ina shan atenolol saboda hawan jini. An ɗaura mini na'urar naɗar bugun zuciya na tsawon awa 24, aka ce saƙon lantarkin zuciyata yana tsinkewa jefi-jefi, musamman da dare. Wani likita ya ce ƙila sai an dasa mini batirin zuciya, wani kuma ya ce a dakata. Idan na sayar da gonata aka dasa mini, gajiyar za ta tafi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sayar da gonar tukuna, domin batirin zuciya, ƙaramar na'urar nan da ake dasawa a ƙirji, aiki guda yake yi, wato hana bugun zuciya yin ƙasa fiye da kima, kuma ba zai kawar da gajiya ba sai idan jinkirin bugun ne ya haifar da ita. Wannan shi ne abin da ba a riga an tabbatar a kanka ba.

Kowane bugu yana farawa ne da ɗan saƙon lantarki daga ɗakin sama na dama na zuciya, ya bi ta wata mahaɗa da ke tsakiya, sannan ya isa ɗakunan ƙasa masu tura jini zuwa jiki. Matsalarka a wannan hanya take, ba a jijiyoyin jini ba, kuma mataki uku gare ta. A mataki na farko saƙon jinkiri kawai yake yi amma yana isa, kuma galibi ba a yi masa magani. A mataki na uku ba ya isa ko kaɗan, sai ɗakunan ƙasa su riƙa bugawa da kansu a hankali, wani lokaci sau 30 ko 40 a minti, alhali bugun babban mutum yana hutawa tsakanin 60 da 100 yake.

Mataki na biyu ne ke raba kan likitoci, kuma ina kyautata zaton a nan taka matsalar take. Iri biyu ne. A cikin na farko, wanda ake kira Mobitz 1 ko Wenckebach, jinkirin yana ƙaruwa daga bugu zuwa bugu har guda ya faɗi, sannan a sake daga farko. Ana ganin wannan a masu cikakkiyar lafiya yayin barci, domin jiki da kansa yake sassauta zuciya da dare, kuma ba a dasa na'ura saboda shi sai an ga yana tafiya tare da alamun ciwo. A cikin na biyu, Mobitz 2, bugun yana faɗuwa ne ba zato ba tsammani, abin da ke nuna lahani a ƙasan hanyar, kuma yana iya rikiɗewa ya zama cikakkiyar tsinkewa. Shi da mataki na uku, muddin ba a sami wani dalili da za a iya gyarawa ba, ana dasa na'ura ko da mutum ba ya jin komai, saboda haɗarin suma da tsayawar zuciya. Saboda haka ka koma da takardar sakamakon, ka roƙi likitan zuciya ya nuna maka wanne aka gani, da ƙarfe nawa, da kuma daƙiƙa nawa tsayawar ta kai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne atenolol. Wannan magani yana rage gudun zuciya, yana jinkirta saƙon a daidai mahaɗar da muke magana a kai, kuma gajiya na cikin sanannun illolinsa. Haka propranolol da verapamil da diltiazem da digoxin suke taɓa wannan hanya. Ba daidai ba ne, a ganina, a yi maganar dasa na'ura kafin a gwada canza maganin a sake awo. Amma kada ka daina sha da kanka, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da jini da bugun zuciya. Likita ne zai rage shi sannu a hankali, ya sauya maka wani. A kuma auna jini don duba ƙarancinsa, da sukari, da aikin ƙoda, da sinadarin fotasiyam, da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayiroyid. Ka tambayi uwargida ko kana munshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa, domin wannan cuta kaɗai tana iya haɗa tsallaken bugu da dare da kasala da rana, kuma maganinta daban ne.

Awa 24 ta yi kaɗan ga matsalar da ke zuwa ta tafi. Akwai na'urar da ake ɗaurawa na makonni, akwai kuma ƙarama da ake sakawa ƙarƙashin fata ta yi kusan shekara uku tana naɗa. Yayin awon ka riƙe ɗan littafi, duk lokacin da ka ji jiri ko jikinka ya saki ka rubuta lokacin, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun minti guda. Idan ƙarfe goma sha ɗaya na safe kana gaban allo a galabaice amma na'ura ta nuna bugu 72 babu tsallake, to a nemi dalilin gajiyar a wani wuri. Idan kuwa ta nuna 35, akwai kyakkyawan fata cewa dasawar za ta dawo maka da ƙarfi.

Idan binciken ya kai ga dasawa, kada tsoro ya hana ka. Mutum na farko da aka dasa wa, Arne Larsson, an yi masa aikin a birnin Sitokholm na Suwidin a 1958, kuma ya rayu har 2001. Yau ana kashe wurin da allura, a saka na'urar ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, a zura wayoyinta ta jijiya zuwa zuciya, cikin awa ɗaya zuwa biyu. Batirin yakan yi kimanin shekara goma kafin a canza, kuma ana komawa asibiti lokaci-lokaci a duba shi, don haka a sa wannan cikin lissafin kuɗi. Makonnin farko ba a ɗaga hannun ɓangaren sama da kafaɗa, kuma wayar salula ba ta ƙara zama a aljihun gaban riga da ke kan na'urar.

Kafin a kammala binciken, idan ka suma, ko ka ji duhu ya rufe maka ido, ko ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, ko ka ƙirga bugunka ƙasa da 40 kana farke, a kai ka asibiti nan take, kuma kada ka tuƙa mota ko babur da kanka.