Tambaya da Amsa: Faifan kiɗan house

Tambaya: Malam, me ya sa masu haɗa kiɗan house suke son faifan garmaho mai faɗin inci 12, alhali waƙa ɗaya ko biyu ce a kowane gefe? Kuma me ke sa wasu tsofaffin faifan Shikago ƙas-ƙas? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, batun fili ne. Kiɗan house, wato kiɗan rawa na na'ura da ya samo asali a birnin Shikago na Amurka, yana tafiya da bugu kamar 120 zuwa 128 a minti, kuma gangarsa mai nauyi ce. Sauti mai kauri yana buƙatar tsagi mai faɗi a jikin faifai. Idan aka cusa waƙoƙi da yawa a gefe ɗaya, dole a matse tsagin, ƙarfin sauti ya ragu. Shi ya sa masu yanka faifai ba sa son gefe ya wuce minti 12 idan faifan yana juyi 33 a minti, ko kamar minti 9 idan yana juyi 45. Sukan kuma tattara kaurin sautin a tsakiya, wato ya fito daidai a lasifikar hagu da ta dama, in ba haka ba allura ta riƙa tsalle.

Ƙas-ƙas kuwa, a shekarun 1980 an san kamfanin faifai na Shikago, Trax Records na Larry Sherman, da narka tsofaffin faifai ya sake buga sababbi, har guntun takarda kan maƙale a ciki. Wankewa ba ta gyara wannan. Idan saurare kake so, ba tarawa ba, nemi sabon bugu. Kafin ka biya, karkata faifan a haske, ka duba ƙuraje da lanƙwasa.