Huhun Goro da Dorinar Kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso, sau biyu na karanta shi. Wai me ya sa in asara ta sami mutum muke cewa "ƙaddara ce", amma in yaro ya yi ɓarna sai a zane shi? In an riga an rubuta komai, ina laifinsa? Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Karatun da aka tura ka yi a Ngaundere ke nan?

Ina ɗan shekara 16 kakanka ya ɗora mini huhun goro a jaki, in kai kasuwar Pitowa mai ci ran Lahadi. Tun asuba na bar Garwa. Ya ja mini kunne: a inuwa za ka sauke, ka riƙa yayyafa ruwa, kada ka buɗe ganyen sai mai saye ya tsuguna. Ina isa na jiyo kalangu, ashe mahauta sun kafa dambe. Na ce bari in leƙa. Leƙen nan sai la'asar. Kafin in dawo inuwa ta gusa, jakin da ban ɗaure ba ya yage ganyen, goro ya sha rana ya yamutse.

Na durƙusa a zaure na ce, "Baba, ƙaddara ce."

Ya ce, "Gaskiyarka." Sai ya miƙa hannu ya zaro dorina. "Ita ma wannan tun ba a haife ka ba aka rubuta ta."

Mutumin nan kuwa, a farin 1973 shanun da ya ba da kiwo suka ƙare saura biyu, ko uffan bai ce wa makiyayin ba. Cewa ya yi ruwan sama ba a goran Bafulatani yake ba.

Malaminmu na zaure kasbu yake kiran abin: Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukarsa da niyyarsa. Yakan kawo Sayyidina Umar da ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. In mun matsa masa sai ya ce rijiya ce mai zurfi, yaro ba ya leƙa ta, a koma karatu.

Ku kuwa 'yan yanzu, in kun ci ƙoƙarinku ne, in kun faɗi a jingina wa Allah.

Af, mahaifiyarka ta ce sakamakon jarrabawarku ya fito tun makon jiya, ba ka ce mata komai ba. Ko shi ya kawo tambayar?