Ga mai tambaya kan masu kwaikwayon Dire Straits

Ƙanena, ka tambaya ko ya dace ka kashe kuɗin tikiti ka je kallon ƙungiyar da ke kwaikwayon Dire Straits, tsohuwar ƙungiyar kiɗan rock ta Birtaniya, alhali ba su ne na ainihi ba. Ni dai na ce ka je, amma ka san abin da za ka sa wa ido.

A motar kawuna na fara jin jitar Mark Knopfler, jagoran Dire Straits kuma mawaƙinsu, a hanyar Damagaram zuwa Agadas, kaset ɗaya tana ta juyawa har muka sauka. Ko kalma ɗaya ban gane ba a lokacin, amma kiɗan ya zauna mini a rai. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Bombino ma, makaɗin nan na Agadas, yana yaro ya riƙa zama gaban bidiyon Knopfler da Jimi Hendrix yana koyon hannu.

Sirrin Knopfler yana hannunsa na dama. Yawancin makaɗan jita da ɗan filastik suke bugun tsirkiya, shi kuwa da yatsunsa tsirara yake tsinkar ta, babban yatsa da biyun da ke bin sa. Shi ya sa sautin ke fita da laushi wani lokaci, wani lokacin kuma ya tsage kamar bulala. Abin mamaki ma bahago ne, amma irin riƙon na dama ya koya. Muryarsa ba ta ihu, kamar mai ba ka labari a zaure.

Sau biyu na je irin wannan wasa a Ingila. Na farko, mai jitar ya ɗaura ƙyalle a goshi, ya rataya jar jita samfurin Stratocaster irin ta Knopfler, kamanni dai sun cika. Da ya fara kaɗawa sai na hango ɗan filastik tsakanin yatsunsa, sauti ya fito a bushe, raina ya ɓaci. Na biyu wani dattijo ne mai furfura, ko kusa bai yi kama da Knopfler ba. Da ya shiga Brothers in Arms, waƙar 1985 da ta samo tushe daga yaƙin Falklands na 1982, ya riƙa jan sautin a hankali yana barin shiru a tsakani, har tsikar jikina ta tashi. Tsohon da ke gefena ya cire tabarau yana share ido, wallahi ni ma na kusa.

Ka duba kuma wace ƙungiya ce, don suna suka tara. The Dire Straits Experience tana da Chris White, wanda ya busa wa ƙungiyar ta ainihi saksofon tun 1985. Irin wannan ya fi ƙarfin a ce masa mai kwaikwayo.

Kada ka zauna jiran na ainihin. Wasansu na ƙarshe a Zaragoza ta Sifaniya aka yi shi a 1992, suka watse a 1995, kuma ko da aka karrama su a Rock and Roll Hall of Fame, zauren girmama manyan makaɗan rock da ke Amurka, a 2018, Knopfler bai je ba.

Kafin ranar, ka nemi faifansu na Alchemy da aka naɗa a zauren wasa na Hammersmith Odeon da ke Landan a watan Yulin 1983, ka saurari Sultans of Swing ta cikinsa, wadda ta haura minti goma, har kunnenka ya saba. In ka shiga, nemi kujerar da za ka riƙa ganin hannun daman mai jitar sosai. In ka dawo ka ba mu labari, musamman yadda ya yi da ƙarshen waƙar nan inda yatsu ke gudu.