Abin da mai sayar da turare za ta ɗauka daga wasannin waya

Tambaya: Ina haɗa turaren wuta da humra ina sayarwa daga gida. Kullum ina saka hotuna a WhatsApp da Facebook, ana kallo, amma cinikin bai taka kara ya karya ba. Ƙanena ya ce masu ƙera wasannin waya sun fi kowa iya riƙe mutum, wai in koya a wurinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa?

Amsa: Hajiya, ƙanenki bai faɗi ba daidai ba. Masu yin wasan waya damuwarsu biyu ce: wanda ya buɗe wasan yau, ya gane kansa nan take? Kuma gobe zai dawo? Har lissafi suke yi na mutum nawa suka dawo bayan kwana 1, kwana 7 da kwana 30. Ke kuwa masu kallo kike ƙirgawa, alhali kallo ba ciniki ba ne.

Fara da ƙofar shiga. Wasan Super Mario Bros. da kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1985 ba ya yi wa kowa dogon bayani. Ana farawa sai ga wata 'yar halitta ta nufo ɗan wasan, dole ya yi tsalle, shi ke nan ya koyi wasan. Baƙuwar da ta leƙo shafinki ita ma kada ta sha wahala: ta ga kayan, ta ga girman kwalba, ta ga farashi, ta ga yadda ake oda. Rubuta "a yi min magana don jin farashi" yana korar mai kunya da mai sauri, kuma su ne da yawa. Koma WhatsApp Business, kyauta ne. Jera kayanki a kundin kayan da ke ciki, kowanne da hoto da kuɗinsa. Saita saƙon maraba, ki kuma tanadi amsoshi shiryayyu na lambar asusu da kuɗin aike, don kada mai saye ta kwana tana jira sha'awarta ta huce.

Sai batun nauyi. Wasan Free Fire, wanda kamfanin Garena ya saki a 2017, ya bazu ne don ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa, kuma zagaye ɗaya bai cika wuce minti goma ba. Hoto talatin a sitatus cin data ne, daga na biyar an fara tsallakewa. Saka uku zuwa biyar masu haske.

Inda na fi so ki tsaya ki yi tunani shi ne ɗanɗano. Candy Crush Saga ya fito a 2012, kyauta ake buga shi, mafi yawan masu bugawa ba sa biyan ko sisi. Duk da haka a 2016 kamfanin wasanni na Activision Blizzard ya sayi kamfanin King mai wasan a kan dala biliyan 5.9. Sun bar mutum ya ɗanɗana har ya saba, sannan suka nuna masa abin saye. Turare kuwa ba a shaƙarsa ta waya, wannan ce babbar matsalarki. Saboda haka kyautarki ta zama iri biyu. Ta farko ilimi: gajeren bidiyo kan yadda ake zuba turare a kasko bayan garwashi ya yi toka-toka don kada ya ƙone ya yi ƙauri, ko yadda ake ajiye humra nesa da rana. Ta biyu ƙaramin ƙulli na wani turaren daban a cikin kowace oda. Amma kada ki raba wa duk wanda ya roƙa. Kamfanin wasa ba ya asarar komai idan mutum ɗaya ya ƙaru, ke kuwa kowane ƙulli daga jarinki ya fita.

Don su riƙa dawowa, ware rana guda, misali Alhamis da yamma, ta sabon haɗi, kada ki saɓa. Yi wa masu saye matakai irin na wasa: wadda ta saya sau biyar tana da kyauta a na shida, ki kuma riƙa gaya mata saura nawa. Kyautar kada ta haura ribar ciniki ɗaya. Ki sani kuma saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma sai wadda ta ajiye lambarki zai isa gare ta. Don haka duk wadda ta saya, roƙe ta ta ajiye lambar tun kafin ku yi sallama.

Akwai abin da ban yarda ki kwaikwaya ba. Wasu wasannin suna sayar da akwatin sa'a, a biya kuɗi ba a san abin da ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce. Kada ki karɓi kuɗin mutane don su shiga ƙuri'a, kada kuma ki rubuta "saura biyu" alhali kwali na cike. Mata suna magana da juna, ranar da aka gano ki an gama yarda da ke.

Samu littafi ki ja layi uku: wadda ta yi tambaya, wadda ta saya, wadda ta sake saye cikin kwana 30. Idan tambaya ta yi yawa saye ya yi kaɗan, duba farashi da jinkirin amsa. Idan ana saye ba a dawowa, koma kan haɗin turaren kansa.