Na tara jaka ɗari biyu, wace kyamara zan saya in zama mai hoto?

Tambaya: Salamu alaikum. Ni matashi ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto da waya, abokai suna yabawa, har wasu kan kira ni wurin suna. Na tara jaka ɗari biyu. Wace kyamara zan saya in fara sana'ar gadan-gadan, kuma ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Shawarata ta fari ita ce ka ɗaure kuɗin nan ka ajiye tukuna, ko da na wata uku ne. Je ka nemi wani mai hoto da ya daɗe yana aikin biki a gari, ka roƙe shi ka riƙa bin sa, kana ɗaukar masa jaka, kana riƙe masa fitila. A biki biyar za ka ga abin da shekara guda ta kallon bidiyo a intanet ba za ta nuna maka ba: inda ake tsayawa lokacin ɗaurin aure, yadda ake tara dangi ashirin wuri guda ba tare da an ɓata wa dattijo rai ba, da lokacin da ake sauke kyamara a yi shiru. Kuma a hannunsa za ka taɓa kyamarori iri-iri kafin ka kashe ko dala.

Abin da za ka fi koya a wannan lokaci shi ne haske. Ranar garinmu ba ta da sauƙi. Daga hantsi zuwa azahar tana tsaye bisa ka, sai hula ko rawani ya jefa inuwa a ido, fuska ta fito kamar an haƙa mata ramu biyu. Hasken da ke gyara fuska shi ne na bayan fitowar rana da na bayan la'asar kafin magariba. In dole ce ta sa ka ɗauka da tsakar rana, kai mutum inuwa, bakin zaure ko gindin bishiya, fuskarsa na duban wajen da haske ke shigowa. Farin kwali ko farin zanen gado da yaro zai riƙe daga gefe ya isa ya mayar da haske bisa fuska.

Ga kuma matsalar da ta fi kayar da sababbin masu hoto a nan, wato baƙar fata cikin farar shadda. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. In ta ga babbar riga fara fat tana walƙiya, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, ango ya fito fuska duhu. Kai za ka gaya mata fuskar kake so: ka auna hasken a kan fuska, ko ka ƙara mata haske mataki guda a saitinta, sannan ka duba kada aikin wuyan rigar ya ƙone da yawan haske ya ɓace. Ina roƙon ka kuma, kada ka shiga sahun masu mayar da amarya fara sol a kwamfuta har uwarta ta kasa gane ta. Launin fatarmu yana da kyau a hoto in an ba shi hasken da ya dace.

Abu uku ke riƙe da wannan aiki, kuma har a wayarka za ka iya fara gwada wasu in tana da wurin saitin hannu. Akwai buɗewar idon kyamara, da ake rubutawa da f. A f/1.8 ido a buɗe yake sosai, mutum ya fito tsaf, bayansa ya dushe. Amma in ka jera mutane layi biyu sai ka matse zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya su fito dishi-dishi. Akwai saurin ƙyaftawa, wato ɗan lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga: 1/125 na daƙiƙa ya wadatar ga wanda ke tsaye, amma dokin da ya sako a guje ƙofar fada ranar hawan Sallah sai 1/1000 ko fiye. Sai ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, wanda ake bari a 100 cikin rana, a ɗaga shi zuwa 1600 ko sama cikin ɗaki, da sanin cewa hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki.

To, batun saye. Da kuɗinka, ta hannu za ka nema, Canon ko Nikon, don su ne aka fi samun batir, caja da gilashinsu (lens, wanda ake ɗaura wa kyamara a gaba) nan da Kano. Kada ka saya sai da wanda ya san ta. Ku duba yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, ku ɗauki farin bango ku ga ko akwai ɗigo, ku haska gilashin ku ga ko ya yi tabo. Gilashin 18-55mm, mai kusanto da nesanta hoto, da ake sayar da ita da shi kada ka raina shi, shi zai fisshe ka a ƙuntataccen ɗakin amarya. In kuɗi sun ragu ka ƙara na 50mm f/1.8, mai arha ne kuma yana fidda fuska. Amma kafin shi, batir na biyu da katin ajiya biyu. Wuta kan ɗauke, biki kuwa ba ya jiran caji.

Kati biyun nan da dalili na faɗe su. Farkon shigata sana'ar na ɗauki wani ɗaurin aure tun safe har kai amarya a kan kati guda da na saya da arha. Na koma gida, kati ya ƙi buɗewa. Ba a sake ɗaura aure don mai hoto, kuma har yau in na gamu da mutanen gidan nan sai na ji nauyi. Tun ranar, ba na kwana sai na juye aikin yini a wuri biyu, ba na kuma share kati sai na miƙa wa mai aiki hotunansa. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce: kada ka sauya gilashi a fili lokacin hazo, kada ka hura cikin kyamara da baki, kada ka bar ta cikin zafin rana a akwatin babur.

Wajen kuɗi, yabon abokai ba ya sayen batir. Lissafa kuɗin kabu-kabu, na wanke hoto, na albam, da dararen da za ka yi kana gyara, sannan ka ɗora ladanka. Ku yi magana a fili tun farko: hoto nawa, wace rana za a karɓa, ka amshi kafin alƙalami. Ranar da ka ce, ranar ka kai. Kada kuma ka dogara da biki kaɗai, don cikin azumi da tsakiyar damina yakan ja baya. Hoton 4x4 na takardu, na ƴan makaranta, na saukar Alƙur'ani, da hoton kayan tela ko na dukawa da suke son tallatawa a WhatsApp, su ke riƙe mai hoto sauran watanni. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako da hotunan mutanen gari suka yi suna, har Sidibé ya samu babbar kyautar Zakin Zinariya a birnin Venis na Italiya a 2007. Nemi hotunansu ka duba yadda suke tsayar da mutum.

Saura abu guda da nake so ka riƙe da hannu biyu. Za a shigar da kai cikin gida, wurin mata, inda ba kowane namiji ke shiga ba. Hoton matar mutum ko ƴarsa ba naka ba ne don kai ka ɗauka. Kada ka ɗora shi a Facebook ko TikTok don talla sai da izinin masu shi, kada ka bar abokai suna leƙa wayarka. A kasuwar Dole ko kan titi, yi sallama ka tambaya kafin ka ɗaga kyamara, wurin jami'an tsaro kuwa ko kusa kada ka gwada. In ka cika wata ukun nan, zaɓo hotuna goma da ka fi yarda da su ka aiko mini, mu duba tare kafin ka kwance kuɗin.