Kunyar ɗan fari da littafin reno

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce littafin renon yara da kika saya yana cewa uwa ta riƙa yi wa jariri magana ido cikin ido, ta karanta masa littafi tun kafin ya iya zama. Ke kuma ɗan fari ne a hannunki, kina gudun dangin mijinki su ce ba ki da kunya. Kina so ki san wanne za ki bi.

Fara duba gidan da al'adar ta taso. Uwa takan ɓoye sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma da an yaye shi sai kaka ta ɗauke shi. Amma yaron bai taɓa rasa mai yi masa magana ba. Kaka na tsokanarsa tana kiransa mijinta, gwaggo na yi masa tawai, 'yan mata na goya shi suna waƙa, da dare kuma a baje tabarma a ce "ga ta nan, ga ta nanku". Uwa ta yi shiru ne domin bakuna goma suna yi mata aikin. Ke kuwa daga ke sai shi a gidan haya, maigida ya fita tun safe. In kika kame bakinki, wa zai ji? Yaro da kunne yake tara kalmomi tun bai furta ko ɗaya ba. Saboda haka ki riƙe kunyarki a gaban manya, ki kira shi da sunan da kika laƙaba masa, amma a ɗakinki ki sake baki.

Kafin wata 6 muryarki ce littafinsa: waƙar reno, da faɗa masa abin da kike yi lokacin wanka da shafa mai. Daga wata 6 ki samo littafi mai kaurin kwali, hoto ɗaya babba a kowane shafi. Ki ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinki, ku kalli shafin tare. Minti 5 ya isa. Zai kai littafin baki, zai jefar. Haka yake sanin abu a wannan lokacin, kada ki tsawata. In babu na saya, ki yanka kwali gida 6, ki manna hotunan tsohuwar kalanda, ki ɗinke gefe da zare mai ƙarfi. Kada ki haɗa shi da ƙarfen maƙala takarda, yana iya ɓallewa ya haɗiye.

Tsakanin shekara 1 da 2 ne aikin ya fi daɗi, a nan kuma iyaye suka fi yin kuskure. Sai uwa ta dage sai ta karanta kowane layi, yaro kuwa hoton akuya yake so. Bi yatsansa. Ki ce "ina akuya?", ki yi shiru ki jira shi ya nuna. In ya kwaikwayi kukanta ya ce "mee", ki ce "e, akuya ce, tana cin dusa". Wannan ƙarin kalma biyu ko uku a kan tasa shi ne karatun. Zai sa ki maimaita littafi ɗaya har ki gaji, ki daure, da maimaici yake kama jerin labari. Ki tsayar da lokaci guda, bayan wankan yamma ko bayan isha'i, kuma kada ki fara yana jin yunwa ko barci ya riga ya ci ƙarfinsa.

Ki yi masa da Hausa. Ko rubutun littafin Turanci ne, hoton ba shi da yare. Yaron da ya ƙoshi da harshen uwarsa ya fi saurin ɗaukar wani. Wayar hannu kuma ba ta maye gurbinki, domin ba ta jiran amsarsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Idan ya shiga makarantar allo ya fara babbaƙu, ga kuma boko, za ki ga yana juya haruffa ko yana fara rubutun boko daga dama. Hanya biyu ya haɗa, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Ki riƙa bin layi da yatsa in kina karanta masa, zai warware. Duka a kan wannan shi ke sa yaro ya tsani takarda.

Shi kuma littafin naki, ki tace shi kamar gasara. Abin da ya shafi lafiya ki riƙe da kyau, ko da ya saɓa wa abin da aka saba: nono zalla har wata 6 ba ruwa, ba zuma kafin shekara 1 saboda ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba, a kwantar da shi a rigingine. Abin da ya shafi tsarin zaman marubutansa, kamar ware wa jariri ɗakinsa shi kaɗai, na gidajensu ne, bai zama dole a kanki ba. Goyo ma kada ki daina.

Ranar da surukarki ta zo, ki miƙa mata littafin hotunan, ki ce, "Inna, ga maigidanki yana son a nuna masa akuya." Ki koma gefe ki bar su. In ta rufe littafin ta kama labarin Gizo da Ƙoƙi, kada ki katse ta.

Ki gaishe min da maigidan, ki shafa min kan yaron.

Gwaggonki