Shin Jahannamar da mawaƙan Turai suka zana ita ce Kiristoci suka yi imani da ita a yau?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ga wasu tsofaffin zane-zanen Turawa da ke nuna gidan wuta hawa-hawa, kowane hawa da irin azabarsa, ga shaiɗanu suna cakar mutane da ƙugiyoyi. An ce mini daga waƙar wani mawaƙin Italiya mai suna Dante aka ɗauko su. Shin haka Kiristocin wannan zamani suka ɗauki Jahannama? Daga wani ɗalibin tarihi.

AMSA: Ɗan'uwa, mafi yawan abin da ka gani a zanen nan ba ya cikin koyarwar kowace coci, kuma ko a zamanin mawaƙin ba a taɓa ɗaukar waƙarsa a matsayin aƙida ba.

Dante Alighieri ɗan birnin Florence ne, an haife shi a 1265, ya rasu a Ravenna a 1321, bayan ya yi zaman gudun hijira tun 1302, lokacin da ɓangarensa ya sha kaye a rikicin siyasar garinsu. Kashin farko na doguwar waƙarsa, Commedia, mai babi 34, ya siffanta Jahannama da wani rami mai kama da mazurari a ƙarƙashin ƙasa, mai hawa tara, wanda yake ƙara tsukewa gwargwadon yadda laifi yake ƙara muni. Mazinata guguwa ce take yawo da su ba hutu, kamar yadda sha'awa ta yi yawo da su a duniya. Masu duba, waɗanda suka yi iƙirarin ganin gobe, an murɗe musu kawuna suna kallon baya. Manyan limaman da suka sayar da muƙaman addini an dasa su kai a ƙasa cikin ramuka, wuta tana cin tafin ƙafafunsu. A can ƙurya kuwa babu wuta sam, sai ƙanƙara, inda maciya amana suke daskare, Shaiɗan kuma yana tsakiya da fuskoki uku, yana taunar Yahuza Iskariyoti, wanda ya ci amanar Yesu, da kuma Brutus da Cassius, waɗanda suka ci amanar Yuliyas Kaisar.

Ba shi ya fara irin wannan ba. A wajen 1149 an rubuta labarin wani jarumin Ailan mai suna Tundale, wanda aka ce mala'ika ya zagaya da ransa wuraren azaba, labarin kuma ya bazu cikin harsunan Turai da dama.

To, a ina Dante ya samo hawa tara? Ba a Littafi Mai Tsarki ba. Rabe-raben laifuffukan ya jingina su ne da falsafar Aristotle, masu tsaron wurin kuma, irin su Charon mai ƙetarar da rayuka a kwale-kwale da Cerberus kare mai kai uku, daga tatsuniyoyin Girka da Rum ya aro su. Sunayen da ya cika wurin da su ma hukuncinsa ne shi kaɗai. Ya sa Paparoma Nicholas na 3 a cikin rami yana jiran isowar Paparoma Boniface na 8, wanda Dante yake ganin da hannunsa a korarsa daga gida. A ganina wannan ne babban bambanci, ya fi na wuta da ƙanƙara nauyi: mawaƙin ya yanke wa mutane hukunci da sunayensu, alhali Cocin Katolika, duk da tana ayyana wasu a matsayin waliyyai, ba ta taɓa ayyana a hukumance cewa wane yana wuta ba.

Kiristocin yau kuwa ba bakinsu ɗaya ba. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya tabbatar da cewa Jahannama tana nan kuma madawwamiya ce, amma ya ce babbar azabarta ita ce rabuwa da Allah har abada, ya kuma bayyana ta a matsayin halin da mutum ya fitar da kansa da kansa daga zumunci da Allah. A watan Yulin 1999 Paparoma John Paul na 2 ya ce kalmar tana nuni ga hali fiye da wuri. Hatta Limbo, hawa na farko inda Dante ya ajiye jarirai marasa baftisma tare da mutanen kirki da ba Kiristoci ba, cikinsu har da Salahuddin da Ibn Sina da Ibn Rushd, ta rasa gindin zama: a 2007 kwamitin malaman tauhidi na fadar Paparoma ya ce akwai dalilan sa rai cewa irin waɗannan jarirai za su sami ceto.

Da yawa daga cikin majami'un bishara da na Fentikos sun tsaya a kan azaba ta haƙiƙa wadda ake ji har abada, kuma hujjarsu nassi ne, ba waƙa ba: Markus 9:48 a kan tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba a kashewa, labarin mai arziki da Li'azaru a Luka 16, da tafkin wuta a Wahayin Yahaya 20. Su ne suka fi kusa da tsananin da ke cikin zanen, ko da yake ba su yarda da taswirarsa ba. Wasu kuma, irin su Adventist masu kiyaye Asabar da Shaidun Jehobah, sun ce miyagu hallaka za su yi su shuɗe gaba ɗaya, ra'ayin da kwamitin aƙida na Cocin Ingila ya karkata gare shi a rahotonsa na 1995. A cocin Otodoks ana yawan komawa ga Ishaƙu na Nineba, malamin ƙarni na 7, wanda ya koyar da cewa ƙaunar Allah ce kanta take zama bulala ga wanda ya ƙi ta. Akwai kuma tsirarun da suke sa ran kowa zai tsira a ƙarshe.

Sai dai kada ka ɗauka an yi watsi da Dante baki ɗaya. Shaiɗan ɗinsa fursuna ne, ba sarki ba, kuma wannan ya dace da Matiyu 25:41, inda aka ce an shirya wutar ne domin Iblis da mala'ikunsa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda ya fahimci azaba. Idan ka lura da misalan da na kawo, kowace azaba laifin ne da kansa, an tuɓe masa rigar da take ƙawata shi a duniya. A babi na 14 akwai Capaneus, mai girman kan da ya yi wa allansa tsaurin ido, yana kwance a ƙarƙashin ruwan wuta yana taƙamar cewa yadda yake a raye haka yake a mace, sai Virgil, wanda yake zagayawa da Dante cikin Jahannama a waƙar, ya amsa masa cewa babu azabar da ta dace da shi kamar wannan fushin nasa da ya ƙi mutuwa. Wanda ya rubuta a littafin koyarwar Katolika cewa mutum ne yake fitar da kansa daga zumunci da Allah, kusan shekaru 700 bayan haka, bai yi nisa da wannan babin ba.